Ƙoƙi-ƙoƙi da siririn mazari: yadda za ka gane su, ka nemo su, ka riƙe su a gida

"Kaka, guda biyu na kamo, amma yanzu ɗaya kawai nake gani."

Jikana ne, ɗan shekara tara, ya tsaya a bakin rumfa riƙe da kwalba, ido ya yi rau-rau. La'asar ce sakaliya a ƙarshen damina, wadda a nan Sudan muke ce wa kharif, ina zaune a kan angareb, wato gadonmu na igiya, ina jiran jabana ta tafasa. Na karɓi kwalbar na ɗaga ta wajen haske. Ƙoƙi-ƙoƙi ne kore shar, tsawonsa ya kai yatsana na tsakiya, yana ta lasar hannuwansa kamar kyanwar da ta gama da kifi. A gindin kwalbar kuwa ga 'yan fukafukai huɗu garai-garai kamar leda, da guntun wutsiya mai ɗigon shuɗi. Iyakar abin da ya rage ke nan na abokin zamansa.

Yaron ya ce shi ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne. "Ai duk sirara ne, kuma duk idonsu ƙato." Na ce masa, ɗan nan, kura ka ba ajiyar nama. Tun daga ranar muka shiga karatun ƙwarin nan biyu ni da shi, kuma abin da muka koya a bakin kogi shi zan shimfiɗa a nan, don duk mai yara ko mai ɗan lambu ya gwada.

Ni tsohon malamin firamare ne a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, bayan sun baro ƙasar Hausa sanadin yaƙin Burmi na 1903. Da na ajiye alli sai na koma wa janina, ɗan lambun da mahaifina ya bari: kuɓewa, lalo, yakuwa, da lemun tsami bakwai. Injin ban-ruwa yana ɗebo ruwan kogi ya zuba a jadwal, ƙaramar hanyar ruwan da ta ratsa lambun. To tsakanin itatuwan lemun nan da jadwal ɗin, taku goma bai cika ba, amma duniya biyu ce. Ƙoƙi-ƙoƙi yana ɗaya, siririn mazari yana ɗaya.

Sai na ɗan tsaya a kan suna. Ƙoƙi-ƙoƙi kowa ya san shi, Larabawa kuma suna ce masa farasun Nabiyyi. Mazari ne ke da rikici, domin Bahaushe ya haɗa dangi biyu ya ba su suna ɗaya. Akwai babban, mai kauri, mai gudu kamar an harba kibiya, wanda ke cika sararin sama idan ruwa ya sauka. Akwai kuma ƙaninsa, siriri kamar tsinken tsintsiya, mai tashi a hankali tsakanin ciyayi. Wannan na biyun nake nufi, shi na sa wa siririn mazari. Duk sanda na gan shi sai na tuna kakata tana kaɗin audugar Jazira, yankin noma da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, mazarinta yana juyawa a kan gululu yana 'yar rawa. Masana sun ƙirga ƙoƙi-ƙoƙi iri fiye da 2,400 a duniya, siririn mazari kuma wajen iri 3,000. Ba mai iya haddace su. Abin da ake bukata shi ne a san inda za a sa ido.

Ka fara da kai, ka ƙyale launi

Launi maƙaryaci ne. Ƙoƙi-ƙoƙi iri ɗaya sai ka samu wani kore, wani ruwan ƙasa kamar busasshen kara. Siririn mazari kuwa namiji da mace sau da yawa ba launinsu ɗaya ba, sabon fitowa ma fari-fari yake, sai ya kwana biyu launinsa yake nuna. Saboda haka kai za ka duba.

Kan ƙoƙi-ƙoƙi mai kusurwa uku ne, ido a kusurwa biyu na sama, baki a ta ƙasa, da dogayen gashin ji guda biyu. Yana zaune a kan dogon wuya, wanda a gaskiya gaban ƙirjinsa ne ya miƙe haka. Ga gwajin da yara suka fi so: ka tsaya a gabansa, ka matsa hagu a hankali, ka matsa dama. Jikinsa ba zai motsa ba, amma kan zai bi ka, har ya waiwaya ta kafaɗa kamar mutum. Cikin ƙwari da wuya ka samu mai irin wannan waiwaye. A cikin idon kuma za ka ga wani ɗan baƙin ɗigo yana bin ka duk inda ka yi. Jikana ya rantse harararsa yake. Ba ƙwayar ido ba ce irin tamu. Idon ƙwaro dubban ƙananan idanu ne a jere, waɗanda suka fuskance ka kai tsaye su ne suke yi maka baƙi. Amma fa gani yana gani, har yana auna nisa da ido biyu kamar yadda muke yi. A jami'ar Newcastle ta Ingila sai da aka manna wa ƙoƙi-ƙoƙi ɗan mitsitsin tabarau da kakin zuma, aka nuna masa hotuna masu motsi, aka tabbatar da hakan. Da na ba abokan hirata labarin a majalisa, wani dattijo cewa ya yi lallai Turawa ba su da aikin yi.

Kan siririn mazari kuwa a kwance yake, kamar ka soke ƙwallaye biyu a bakin ɗan guntun tsinke: ido ɗaya can, ɗaya can, da fili a tsakani. Gashin jinsa gajeru ne ƙwarai, sai ka ƙura ido kake ganinsu. Wannan tazarar ta ido ita ce kuma ke raba shi da babban mazari, wanda galibi idanunsa suke haɗuwa a tsakiyar ka su rufe kan kamar hular kwano.

Daga kai sai hannu. Dukansu ƙafa shida ne, amma ƙoƙi-ƙoƙi da huɗu yake yawancin tafiyarsa, biyun gaba ya mayar da su makami. A naɗe suke a ƙirji kamar mai addu'a, cikinsu jere da ƙayoyi irin haƙoran zarto. Idan fara ta matso sai ya miƙa su ya naɗe, duka-duka ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Na sha zama ina jiran in ga kamun da idona, ban taɓa gani ba. Farar dai nake gani a kan ganye, sai kuma in gan ta a hannunsa. Shi siririn mazari ƙafafunsa ba na tafiya ba ne sam. Duk shidan sun tattaru a gaba, ƙarƙashin haɓa, yana riƙe tsinken ciyawa da su, idan ya tashi kuma ya haɗa su kamar ɗan kwando ya wawuro sauro ko ya tsinci ƙananan ƙwari daga bayan ganye. Sa shi a tafin hannunka ka gani, ba zai taka ba, sai dai ya tashi.

Fiffike ba sai an daɗe a kansa ba. Na ƙoƙi-ƙoƙi biyun sama masu kauri ne, sun rufe na ƙasa a kan baya kamar alkyabba, kuma matan da yawa ba sa tashi sosai, musamman idan ciki ya cika da ƙwai. Na siririn mazari huɗu ne masu kama ɗaya, kana hango abin da ke bayansu, da ɗan ɗigo kusa da ƙarshen kowanne. Idan ya sauka sai ya haɗe su a bisa bayansa kamar an rufe littafi. Babban mazari shi a buɗe yake barinsu kamar jirgin sama. Akwai wani gida cikin siraran da ke barin nasu a ɗan buɗe, to idan ka haɗu da irinsu koma wa ido, shi ba ya ruɗi.

Wani abu da ya taɓa ba ni kunya a gaban aji: wani yaro ya kawo mini ƙwaro da ya kama da dare a jikin fitila, dogon ciki, fukafukai huɗu masu raga, na ce mazari ne ba tare da na duba ba. Ashe uwar ƙwaron nan ce da ke haƙa ɗan rami mai kamar mazurari a cikin rairayi yana jiran tururuwa ta gangaro. Kama da wane ba ta wane. Ita tana da gashin ji masu tsawo da ɗan kauri a ƙarshe, kuma da dare take yawo. Siririn mazari ɗan rana ne. Wanda kan zo fitila da dare cikin namu biyun shi ne namijin ƙoƙi-ƙoƙi, siriri mai dogon fiffike, yana neman mace. Yawon daren nan ne ma ya sa Allah ya ba shi kunne, guda ɗaya tak, a ƙarƙashin ƙirji tsakanin ƙafafun baya. Da shi yake jin kukan jemage wanda kunnenmu ba ya ji, da ya ji sai ya karkace ya faɗo ƙasa. A 1986 masana suka gano kunnen nan.

Inda aka haife su

A nan ainihin bambancin yake, kuma a nan na fi so mai karatu ya ɓata lokaci. Ƙoƙi-ƙoƙi ɗan tudu ne tun daga ƙwai. Siririn mazari ɗan ruwa ne, tashin da kake ganin yana yi ƙarshen rayuwarsa ne, 'yan makonni kawai.

Je ka duba rassan lemu, ko ƙayar bagaruwa, ko jikin dangar kara, a ƙarshen damina zuwa farkon sanyi. Za ka ga wani dunƙule ruwan ƙasa manne da reshe, girmansa kamar dabino ko goro, mara nauyi, kamar busasshen soso. Gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ke nan. Uwar tana fitar da kumfa daga ƙarshen cikinta, tana jera ƙwai a ciki layi-layi, kumfar ta bushe ta zama garu. Manyan irin, kamar koren nan da masana ke kira Sphodromantis, gida ɗaya yana iya ɗaukar ƙwai fiye da 100. Idan ka taɓa ganin jakar ƙwan da kyankyaso ke ja a gindinsa, to ka ga alamar zumunci, domin kyankyaso da gara su ne dangin ƙoƙi-ƙoƙi na kusa, ba fara ba, balle mazari. Na san wannan ba zai yi wa masoyansa daɗi ba.

Kada ka yi irin wautata. Na yanko gidan ƙwai ɗaya na ajiye a kan kabad a ɗaki, na ce zan nema masa kwalba gobe. Gobe ta zama wata guda. Wata asuba sai na ji uwargida tana salati. "Malam, tashi ka ga abin da ka jawo mana!" Gidan sauron nan kaf ya cika da 'ya'yan ƙoƙi-ƙoƙi, kowanne bai fi tururuwa ba, amma da kansa mai kusurwa uku da 'yan hannuwansa a naɗe, ya ɗaga gindi sama yana taƙama. Haka ake ƙyanƙyashe su, kamarsu ɗaya da iyayensu, fiffike ne kawai babu. Ba sa zama tsutsa irin ta malam-buɗe-littafi. Saɓa suke yi sau da yawa, sau shida, bakwai ko fiye, kowace saɓa su ƙara girma, a ta ƙarshe fiffike ya fito. Ranar sai da muka kwance gidan sauron muka kai shi lambu muka kakkaɓe, ni kuma na sha shayina ba mai yi mini magana.

Shi kuwa ɗan siririn mazari, ko a mafarki ba za ka ce shi ne zai zama abin nan mai launi ba. Ga yadda ake nemo shi. Sami rariyar roba ta tace shayi, babba, ka ɗaure ta a bakin sanda mai tsawo. Sami farin faranti mai zurfi ko farar roba, ka zuba ruwan wurin kaɗan. Nemi inda ruwa ya kwanta, inda ciyawa ta nutse ko kainuwa ta taru, kamar gefen da madatsar Sinnar ta tare ruwa ya yi shiru, ko lungun jadwal da ba ya ƙafewa. Tura rariyar cikin ciyawar ka karkaɗa sau uku ko huɗu, ka juye a farantin. Sai haƙuri. Da farko laka kawai za ka gani. Bayan minti biyu ko uku laka ta kwanta, sai abubuwa su fara motsi.

Wanda kake nema siriri ne, launin laka ko kore-kore, bai fi santimita 2 ba, yana iyo yana karkaɗa jiki hagu da dama kamar ɗan kifi. A ƙarshen gindinsa akwai abubuwa uku masu faɗi kamar ganye. Da su yake shaƙar iskar da ke cikin ruwa, kuma su ne shaidarsa. Idan ka ga gajere mai kauri, ba ganyen nan, yana zabura gaba kamar an tunkuɗa shi, ɗan babban mazari ne, ruwa yake zuƙa ta baya ya feso. Idan wutsiyoyin uku ne amma sirara kamar gashi, kuma gefen cikin yana kaɗawa, wani ƙwaron ne dabam, mayar da shi.

Sanda mai tsawo na ce, kuma da dalili. Ruwan da ya kwanta da ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda cutar ta addabi mutanen Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka ja tur'a, wato manyan hanyoyin ruwa, cikin gonaki. Mahaifina ya yi shekaru yana aikin auduga a hawashar wani, wato gonarsa ta Jazira, ya dawo da ita. Ta fata take shiga. Kada yaro ya sa ƙafa ko hannu a irin ruwan nan don neman ƙwaro. A tsaya a gaɓa, a sa takalmin roba, a ɗauki abin da aka kamo da cokali.

Riƙonsu a gida

Doka ta farko jikana ya riga ya biya kuɗinta: kowa da kwalbarsa. Ba ma tsakanin jinsin biyu kaɗai ba, ƙoƙi-ƙoƙi biyu a wuri ɗaya da safe ɗaya za ka tarar, 'ya'yan mazari ma babba yana cin ƙarami.

Ƙoƙi-ƙoƙi ba shi da dafi, ba ya harbi. Babba yana iya maƙale maka yatsa da ƙayoyinsa har ka ji zafi, shi ke nan. Kada ka damƙe shi ta baya. Miƙa masa tsinke ko bayan hannunka a gabansa, ka ɗan taɓa shi ta baya, da kansa zai hau, domin son hawa sama yake. Kwalbarsa ta ninka tsawonsa sau uku a tsaye, a sa reshe a ciki, a rufe bakin da guntun tsohon gidan sauro a ɗaure da roba. Tsayin nan ba ado ba ne. Idan zai yi saɓa, rataye kansa yake yi ƙafa sama kai ƙasa, ya zame daga tsohuwar fata, in wurin ya yi masa kaɗan sai ya fito a karkace, ba ya kuma miƙewa. Alamar saɓa ta kusa ita ce ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu. A lokacin nan ka fitar da duk wata fara da ke ciki, kada ka taɓa kwalbar. Abincinsa mai rai ne kawai: ƙuda, ƙaramar fara, ƙwarin fitila, ɗaya duk kwana biyu. Ruwa kuma yayyafi a jikin ganye, ya lasa. A inuwa ake ajiye shi, don zafinmu na nan yana dafa abin da ke cikin kwalba kafin azahar. In kana son sanin mace ne ko namiji, leƙa cikinsa ta ƙasa ka ƙirga gaɓoɓi: shida mace, takwas namiji.

Zancen cewa mace tana cinye mijinta gaskiya ne, amma an ƙara masa gishiri. Yana faruwa, musamman idan tana jin yunwa ko an kulle su a wuri ƙarami inda ba shi da hanyar gudu. A fili mafi yawan mazan suna tsira.

Siririn mazarin da ya riga ya yi fiffike ba a riƙe shi. Ko ka sa shi a kwalba ba zai ci ba, fukafukan ne za su kakkarye. Ɗansa ake reno, kuma renon ya fi na ƙoƙi-ƙoƙi ban mamaki. Zaɓi wanda ka ga 'yan kumburin fiffike a bayansa sun yi tsawo, shi ne ya kusa fita. Sa shi a roba mai faɗi da ruwan inda ka kamo shi, zurfin yatsa ɗaya ya isa, da ɗan reshen ciyawar ruwa. Kada ka sa ruwan famfo mai magani. Abinci kuwa ga shi a banza: tsutsar sauro daga tsohuwar taya ko daga kaskon da ke ƙarƙashin tulu. Zuba masa biyar ko shida ka kawo fuskarka kusa. Zai tsaya cik. Tsutsa ta gifta, sai ka ga wani abu ya fito daga ƙarƙashin haɓarsa ya koma, tsutsa ta ɓace. Leɓensa na ƙasa ne, dogo mai gwiwa, a naɗe yake rufe da fuska, da 'yan ƙugiyoyi a baki. A nan jikana ya yi tsalle ya ce, "Kaka, ashe shi ma ƙoƙi-ƙoƙi ne, hannunsa ne a baki!" Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba. Ashe abin da muke ce wa mai laushi, shi ma ɗan kwanton ɓauna ne tun yana ƙarami.

Abin da ba a mantawa shi ne tsinke. Kafa tsinke mai kaushi a cikin robar, ya fito sama da ruwa kamar tsawon taƙi ɗaya. Na farkon da na rena ban sa masa ba, na tarar da shi da safe ya fasa fata a cikin ruwa ya mutu. Idan lokaci ya yi zai daina ci, ya riƙa leƙo da kai waje. Galibi da sassafe yake hawa tsinken. Bayan ya tsage, sai kai da ƙirji su fito, ya huta, ya zaro dogon cikin. Fukafukan a cukurkuɗe suke kamar tsumma, kana kallo suna miƙewa yayin da yake tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu. Awa ɗaya zuwa biyu an gama. Kada a taɓa shi, kada a hura masa iska. Fitar da robar waje kusa da ciyawa ka bar shi ya tashi da kansa. Fatar da ya bari a jikin tsinke ka ajiye wa yara a kwalin ashana, har ganyen ukun nan suna nan a jikinta.

Wanne ne abokin mai lambu?

Kowa ƙoƙi-ƙoƙi yake yabo, ni ma ba na kashe shi. Amma na zauna na ƙirga abin da wata ƙatuwa ta ci a kan furen kuɓewata cikin mako guda, abin da idona ya gani: fara biyu, ƙudan zuma uku, malam-buɗe-littafi ɗaya, gizo-gizo ɗaya. Ƙudan zuman nan su ke yi mini barbarar fure, gizon kuma ma'aikacina ne. Ba ta san abokin gaba ba, ba ta san na gida ba, duk abin da ya motsa nama ne. Ƙananan ƙwarin da suka fi cutar da ganye kuwa, irin su farin ƙuda, babban ƙoƙi-ƙoƙi ko kallonsu ba ya yi, sun yi masa ƙanƙanta.

Siririn mazari shi ƙananan yake bi, a ruwa tsutsar sauro, a sama sauron kansa da 'yan uwansa. Kada dai wani ya ce na ce a jefar da gidan sauro, ba su isa su kawar da zazzaɓi ba. Amfaninsa babba a wurina shi ne labarin ruwa da yake ba ni. Wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne mai shuɗin ɗigo a wutsiya, ɗan santimita 3, wanda masana ke kira Ischnura senegalensis, sunan Senegal ke nan a jikinsa, kuma ana samunsa tun daga Afirka har Japan. Shi jarumi ne, ko ruwa ya ɗan ɓaci yana zama, don haka ganinsa shi kaɗai ba shaida ba ce. Amma idan na ga shi, na ga mai ruwan lemu ɗin nan Ceriagrion, na ga wasu shuɗaye iri biyu ko uku a wuri guda, na san jadwal ɗina lafiya lau. Shekarar da wani maƙwabci ya wanke tankin feshinsa a saman ruwan, sati bai cika ba suka ɗauke ƙafa, rariyata ta riƙa fitowa da laka zalla. Sai da damina ta zagayo suka dawo. Tsofaffin manoman Jazira sun ga irin wannan a babba: a ƙarshen shekarun 1970, bayan an daɗe ana yi wa auduga feshi da jirgi, ƙwarin da ke cinye farin ƙuda suka ƙare, shi kuwa ya ɓarke ya manne audugar da danƙonsa.

In kana son ganinsu da kyau, lokaci ma dabam ne. Ƙoƙi-ƙoƙi kowane lokaci, sai dai ido: tsaya a gaban reshe ɗaya ka nemi ganyen da ke rangaji alhali ba iska. Siririn mazari kuwa daga hantsi zuwa azahar, a zauna a gaɓa rana tana bayanka, kada inuwarka ta faɗa kansu. A nan za ka ga biyu a haɗe suna tashi, namiji a gaba ya riƙe wuyan mace da ƙarshen wutsiyarsa. In ta lanƙwaso nata cikin ta kai ƙarƙashin ƙirjinsa sai su yi zobe, barbara ke nan. Daga baya, sau da yawa yana riƙe da ita, za ta sauka a kan ciyawar ruwa ta riƙa tsaga jikinta tana cusa ƙwai ɗaya-ɗaya, wata ma har ta nutse gaba ɗaya. Mai son hoto da waya ya zo da sassafe lokacin sanyi, suna manne da ciyawa jiki bai yi ɗumi ba, har taƙi ɗaya za ka matsa ba su tashi ba.

Saboda ƙwan nan ne idan zan yashe jadwal ba na nome ciyawar gefensa gaba ɗaya. Ina yin rabi, in bar rabi sai bayan wata guda. Idan kuma ina sassabe lemu na ci karo da gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi a reshen da zan sare, sai in yanko guntun reshen da shi, in ɗaure a wata bishiyar daidai ƙirjina, yadda yake fuskanta a da, nesa da hanyar tururuwa, kuma nesa da furen kuɓewa. Bana guda huɗu muka ɗaure a jikin darbejiyar bakin danga. Jikana ne ke zagaya su kullum bayan makaranta, an kuma yi masa kashedi daga cikin gida cewa ko ɗaya kada ya ƙetare ƙofar ɗaki.